Layin saƙonni da aika sakamakon zaɓe ta intanet a Najeriya

Layin saƙonni wata dabara ce ta tsara manhajojin kwamfuta, inda ake ajiye bayanai a jere tsakanin na'urar da ta aiko su da na'urar da za ta sarrafa su, har zuwa lokacin da mai sarrafawar ya samu sararin ɗauka. Bankuna da kamfanonin sadarwa da manyan shafukan intanet suna dogara da shi wajen raba aiki mai yawa ga kwamfutoci da dama da ke wurare daban-daban. A Najeriya batun ya fita daga hannun masu rubuta manhaja ya shiga siyasa bayan zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da hotunan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa suka kasa hawa shafin IReV na Hukumar Zaɓe mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, a kan lokaci. Rahoton da hukumar ta fitar a watan Fabrairun 2024 ya bayyana cewa sakamakon rumfuna da yawa ya maƙale ne a layi, wani a cikin na'urorin BVAS da aka riga aka kashe, wani kuma a bakin sabar da cunkoso ya yi wa yawa.

Yadda tsarin yake aiki

Kowane layin saƙonni yana da ɓangarori uku. Akwai mai aikawa, wato na'ura ko manhajar da ta samar da bayani. Akwai mai karɓa, wanda zai ɗauki bayanin ya yi aiki da shi. A tsakaninsu kuma akwai dillali, manhajar da ke riƙe saƙon ta jera shi. Amfanin dillalin shi ne mai aikawa ba ya buƙatar jiran mai karɓa. Da zarar ya miƙa saƙo an ba shi shaidar karɓa, sai ya ci gaba da harkarsa. Shi ma mai karɓa yana ɗaukar saƙonni gwargwadon ƙarfinsa, kuma ba a goge saƙo daga layi sai ya tabbatar da cewa ya gama aiki da shi.

Misalin da ya fi kusa da mutane shi ne saƙon tes na waya. Idan aka aika wa mutum saƙo wayarsa tana kashe, saƙon ba ya ɓacewa. Cibiyar kamfanin sadarwa tana riƙe shi, ta yi ta gwadawa, har wayar ta dawo kan sabis ko wa'adin riƙewar ya cika. Wannan shi ake kira ajiye-ka-tura, kuma shi ne tushen duk wani layin saƙonni.

Idan aikin yana da matakai da yawa, akan jera layuka ɗaya bayan ɗaya. Mataki na farko ya karɓi bayani, na biyu ya tantance wanda ya aiko, na uku ya adana, na huɗu ya nuna wa jama'a. Kowane mataki yana da layinsa da ma'aikatansa, wato ƙananan manhajoji masu ɗaukar saƙo. Idan layi ya yi tsawo sai a ƙara ma'aikata, idan ya ragu a rage su. Saƙon da aka gwada sau da yawa ya ƙi shiga akan ware shi zuwa wani layi na musamman, na saƙonnin da suka gagara, domin kada ya tsare sauran, kuma domin injiniya ya duba abin da ya same shi.

Tarihi

Kamfanin IBM ya fitar da manhajar MQSeries a 1993, kuma bankuna suka karɓe ta domin haɗa tsofaffin kwamfutocinsu da sababbi. A 1999 Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka tsara ƙa'idar MQTT domin sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, a wuraren da sadarwa ke da tsada kuma take yawan yankewa. A 2003 John O'Hara na bankin JPMorgan Chase ya fara aikin ƙa'idar AMQP, wadda manhajar RabbitMQ ta 2007 ta ginu a kanta. Kamfanin Amazon ya buɗe sabis ɗinsa na SQS ga kowa a 2006. Sai kuma Kafka, wadda Jay Kreps da Neha Narkhede da Jun Rao suka rubuta a kamfanin LinkedIn, aka sake ta kyauta a 2011. Bambancin Kafka shi ne ba ta goge saƙo da zarar an karanta shi. Tana riƙe shi a cikin dogon kundi, ta yadda idan mai karɓa ya yi kuskure zai iya komawa baya ya sake karantawa daga inda matsalar ta fara.

Hanyar sakamako daga rumfa

Ƙaramar Hukumar Yankwashi tana arewa maso yammacin Jihar Jigawa, a Masarautar Kazaure. Ita da Kazaure da Roni da Gwiwa suna da ɗan Majalisar Wakilai ɗaya, yayin da Babura ke haɗe da Garki a tata mazaɓar. Dukkansu suna cikin mazaɓar Sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma. Saboda haka mai zaɓe a Karkarna ko Achilafiya ya karɓi ƙuri'u uku a ranar 25 ga Fabrairun 2023: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai.

Bayan an ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a, jami'in rumfa yana cike takardar sakamako, EC8A ta shugaban ƙasa, EC8A(I) ta sanata, EC8A(II) ta ɗan majalisar wakilai. Ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba su kwafi. Daga nan sakamakon yana bin hanyoyi biyu. Hanyar takarda tana zuwa cibiyar tattarawa ta mazaɓa inda ake cike EC8B, sai ƙaramar hukuma da EC8C, sai Dutse inda ake haɗa na jiha a EC8D, sai Abuja. Hanya ta biyu ta intanet ce: jami'in yana ɗaukar hoton takardar da na'urar BVAS ya tura shi shafin IReV, inda duk wanda ya yi rajista zai iya gani. Manufar hanya ta biyu ita ce ta zama shaida a kan ta farko, domin a tsakanin rumfa da cibiyar tattarawa ne aka fi zargin canza alƙaluma a zaɓukan baya.

INEC ta fara amfani da IReV a watan Agustan 2020, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a majalisar dokokin Jihar Nasarawa. BVAS kuma an fara aiki da ita a watan Satumban 2021 a zaɓen cike gurbi na Isoko ta Kudu a Jihar Delta, sannan a zaɓen gwamnan Anambra na Nuwamban shekarar. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Zaɓe ta 2022 a ranar 25 ga Fabrairun 2022. A zaɓukan gwamnonin Ekiti da Osun na 2022 sakamakon rumfuna ya hau shafin cikin hanzari, abin da ya sa mutane da yawa suka shiga babban zaɓe da kyakkyawan zato.

Tun kafin nan an yi gardama kan sabis. A 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta shaida wa Majalisar Wakilai cewa bisa wani bincike na 2018 kusan rabin rumfunan zaɓe ne kawai ke da sabis mai ƙarfin da ake buƙata. Maganin da aka tanada shi ne layi a cikin na'urar kanta. Idan babu sabis a rumfa, BVAS tana ajiye hoton, ta tura shi idan ta shiga wurin da ke da sabis.

Abin da ya faru a ranar zaɓe

Najeriya tana da rumfunan zaɓe 176,846, kuma a ranar an tsara gudanar da zaɓuka 470 a lokaci guda: na shugaban ƙasa ɗaya, na sanatoci 109, na 'yan majalisar wakilai 360. Da yamma, yayin da rumfuna suka fara gama ƙirga, jami'ai suka tarar da cewa sakamakon majalisa yana shiga amma na shugaban ƙasa yana dawowa da saƙon kuskure daga sabar.

Bayanin da INEC ta bayar a rahotonta shi ne cewa rumbun adana bayanan IReV an tsara shi ne bisa jihohi. Kowane zaɓe yana rataye ne a ƙarƙashin wata jiha, kuma ta haka manhajar ke gina wurin da za ta ajiye hoton kowace rumfa. Takardar sanata daga wata rumfa a Yankwashi tana da adireshi, domin mazaɓar Jigawa ta Arewa maso Yamma ta Jigawa ce. Takardar ɗan majalisar wakilai ma haka. Amma zaɓen shugaban ƙasa mazaɓarsa ita ce ƙasar baki ɗaya, ba ya ƙarƙashin kowace jiha, saboda haka manhajar ta rasa inda za ta sa shi ta ƙi karɓa. Zaɓukan Anambra da Ekiti da Osun ba su tona wannan gibi ba, domin kowannensu na jiha ɗaya ne. Gwajin da hukumar ta yi a ranar 4 ga Fabrairu a rumfuna 436 kuwa ya fi karkata ne ga tantance masu zaɓe.

Injiniyoyin hukumar sun yi ta ɗora gyare-gyaren gaggawa, kuma a cewar rahoton takardar farko ta sakamakon shugaban ƙasa ta hau shafin da ƙarfe 8:55 na dare. Sai dai gyara kuskuren bai kawo ƙarshen matsalar ba. Duk hotunan da suka taru a layi sun taso a lokaci guda, tsarin ya yi nauyi duk da ƙoƙarin da ya yi na ƙara wa kansa ƙarfi. Sannan jami'an rumfuna da yawa sun riga sun bar wuraren aikinsu, na'urorinsu a kashe ko a inda babu sabis. Sai da hukumar ta bi su tana neman su kunna na'urorin su nemi sabis. An ɗauki kwanaki ana ɗora sakamakon, kuma lokacin da shugaban hukumar, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana Bola Ahmed Tinubu a matsayin wanda ya yi nasara da asubahin 1 ga Maris, da ƙuri'u 8,794,726 a kan 6,984,520 na Atiku Abubakar da 6,101,533 na Peter Obi da 1,496,687 na Rabi'u Musa Kwankwaso, ba a gama ɗorawar ba.

Raunin da lamarin ya nuna

Masu tsara irin waɗannan manhajoji suna raba karɓar saƙo da sarrafa shi. Ƙa'idar ita ce ƙofar shiga ta kasance mai sauƙin sharaɗi: ta karɓi hoton, ta rubuta lambar rumfa da lokacin isowa, ta ba da shaidar karɓa, sannan wani mataki na daban ya nemi inda za a jera shi. A irin wannan tsari, kuskuren adireshi zai tsayar da mataki na biyu ne kawai, hotunan kuwa suna nan a hannun hukuma da lokacin isowarsu a rubuce. Bisa bayanin INEC, a 2023 kuskuren jerawa ya hana karɓar gaba ɗaya, sai nauyin riƙe saƙon ya koma kan na'urar da ke hannun jami'in rumfa.

Wannan ne rauni na biyu. Layin da ke cikin na'urar hannu yana rayuwa ne muddin akwai caji a batir, akwai sabis, kuma akwai wanda ya bar ta a kunne. Jami'an rumfuna galibi matasa ne masu yi wa ƙasa hidima da ma'aikatan wucin gadi, waɗanda suka fito tun asuba, kuma abin da ke gabansu da dare shi ne kai takardu cibiyar tattarawa su miƙa kaya. A ƙauyukan da wutar lantarki ba ta tsayawa kuma sabis ke zuwa yana tafiya, kamar yadda yake a sassa da dama na karkarar arewa, saƙon da bai fita da yamma ba yana iya kwana biyu bai fita ba. Kuskure ɗaya ne ya faru a tsakiya, amma jinkirin da ya haifar ya fi tsawo a wuraren da ke nesa da gari.

Rauni na uku shi ne turmutsitsi bayan gyara. Idan dubban na'urori suka sake gwadawa a daƙiƙa ɗaya, suna iya durƙusar da sabar da aka gyara yanzu. Maganin da aka saba shi ne kowace na'ura ta riƙa tsawaita jiranta bayan kowane gwaji da ya faɗi, daƙiƙa biyu, huɗu, takwas, a kuma ƙara ɗan bambanci na kacici-kacici a tsakaninsu domin kada su taso tare. Ƙara yawan kwamfutoci yana taimakawa, amma yana ɗaukar lokaci, kuma idan maƙurar tana rumbun adana bayanai ne, ƙarin ma'aikata sai dai ya ƙara masa nauyi.

Rauni na huɗu bai shafi manhaja kaɗai ba. Mai duba shafin IReV a daren nan abin da yake gani shi ne rumfarsa babu komai. Ba shi da hanyar bambance hoton da ke jira a layi da hoton da ba a ɗauka ba ko wanda aka riƙe da gangan. Sai washegari, 26 ga Fabrairu, hukumar ta fitar da sanarwa ta hannun kwamishinanta Festus Okoye tana cewa tangarɗar fasaha ce, ba kutse ko zagon ƙasa ba. Kafin nan zargi ya riga ya bazu, kuma a ranar 27 ga wata wakilan PDP da Labour suka fice daga cibiyar tattara sakamako ta Abuja.

Saƙo sau ɗaya ko sau biyu

Akwai wata tsohuwar matsala da kowane layin saƙonni ke fama da ita. Idan mai aikawa ya tura saƙo bai ji amsa ba, ba zai iya sanin ko saƙon ne ya ɓace a hanya ko amsar ce ta ɓace ba. Idan ya haƙura, saƙon na iya salwanta. Idan ya sake turawa, saƙon na iya shiga sau biyu. Yawancin tsare-tsare suna zaɓar sake turawa, sannan su ba kowane saƙo lamba tasa ta daban, ta yadda idan mai karɓa ya ga lambar da ya riga ya yi aiki da ita sai ya watsar da maimaicin.

'Yan Najeriya sun ɗanɗana wannan a daidai lokacin zaɓen. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, kuma ƙarancin tsabar kuɗi a Janairu da Fabrairun 2023 ya tura 'yan kasuwa da masu saye zuwa tiransifa da POS a lokaci guda. A kasuwannin ƙauye da na birni an yi ta samun wanda aka cire wa kuɗi amma mai kaya bai ga alat ba, ya rasa ko ya sake turawa ko ya jira. Kowace tiransifa da ta bi ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, wanda aka fara a 2011, tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 30, kuma da ita banki ke bin sawun kuɗin ya tabbatar ko sun isa ko a mayar da su. A sha'anin zaɓe, lambar rumfa haɗe da nau'in zaɓe ita ce ke yin wannan aiki. Tambayar da ke biyo baya ita ce abin da tsari zai yi idan hotuna biyu mabambanta suka iso da lamba ɗaya. Amsar da ta fi kare gaskiya ita ce a ajiye dukkansu tare da lokacin isowar kowanne, kada na baya ya shafe na farko.

Hukuncin kotu

Atiku Abubakar da Peter Obi sun sa gazawar ɗora sakamako cikin manyan hujjojinsu a kotu. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa ta yi watsi da ƙararrakin a ranar 6 ga Satumban 2023, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a ranar 26 ga Oktoba. Kotunan sun tafi a kan cewa IReV shafin dubawa ne ba wurin tattara sakamako ba, kuma sashe na 60 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya bar wa hukumar zaɓin hanyar da za a isar da sakamako. A idon doka ke nan takardar EC8A ce asali. Tawagar sa ido ta Tarayyar Turai, a rahotonta na watan Yunin 2023, ta ce jinkirin ya rage amincewar jama'a da zaɓen.

An ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris domin a kwashe bayanan da ke cikin BVAS a sake saita ta. A wannan zaɓe, wanda Umar Namadi ya lashe a Jigawa, ɗorawar ta fi tafiya daidai, domin kowane zaɓe na ranar yana ƙarƙashin jiharsa.

Kwatanci da Kenya

Kenya ta bi irin wannan hanya kafin Najeriya. A 2013 tsarin aika sakamakonta ta na'ura ya durƙushe aka koma takarda. A ranar 1 ga Satumban 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda kura-kurai wajen aika sakamako. A 2022 hukumar zaɓen ta ɗora hotunan takardun rumfuna, waɗanda ake kira 34A, a shafin da kowa ke iya shiga, kuma mafi yawansu sun hau cikin kwana ɗaya. Rigima ba ta ƙare ba, amma jam'iyyu da kafofin labarai sun samu damar yin nasu lissafin daga takardu iri ɗaya, kuma kotu ta tabbatar da zaɓen.

Muhawara gabanin 2027

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli, ƙungiyoyin farar hula da jam'iyyun adawa suke neman doka ta wajabta tura sakamako daga rumfa nan take. Masu adawa da haka suna kafa hujja da rashin sabis a karkara, suna cewa za a iya soke ƙuri'un ƙauyawa saboda laifin da ba nasu ba. Ta fuskar fasaha, kalmar "nan take" ba ta da tabbas a inda sabis ke yankewa. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne lokacin da aka ɗauki hoto da wurin da aka ɗauke shi, da hatimin na'ura da zai nuna ba a taɓa hoton ba tun daga lokacin, da wa'adin da dole ya isa. Haka kuma ana iya tura gajeren saƙo ta tes, wanda sabis mai rauni ke iya ɗauka, ɗauke da hatimin hoton, kafin hoton kansa ya samu hanya.

Sauran matakan ba su buƙatar sabuwar fasaha. A gwada tsarin da nauyin zaɓuka 470 da rumfuna 176,846 kafin ranar zaɓe, har da zaɓen da ba ya ƙarƙashin jiha. A tanadi caji da sabis a cibiyoyin tattarawa na mazaɓu 8,809, kuma kada a karɓi na'ura daga jami'in rumfa sai an ga layinta babu saura. A nuna wa jama'a halin kowace rumfa a shafin, ko hotonta ya iso, ko yana jira, ko ya gagara. Yankin Kazaure yana da cibiyoyin da ke horar da masu irin wannan aiki, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jihar Jigawa, duka a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Farfesa Joash Amupitan, wanda ya gaji Mahmood Yakubu a watan Oktoban 2025, shi ne ke jagorantar hukumar a shirye-shiryen babban zaɓen 2027.